Ajiye Babur da Motar Gida a Hunturun Kanada: Batir, Mai da Ruwa

Tambaya ta zo daga wani ɗan'uwanmu mazaunin birnin Winnipeg a lardin Manitoba na ƙasar Kanada. Yana da babur da yake hawa daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma bana ya sayi tsohuwar motar gida, wato irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki wadda iyali ke tafiya hutu da ita. Zai ajiye su duka biyun har zuwa Afrilu, babur a garejin da ba a ɗumama shi, mota kuwa a fili. Maƙwabcinsa ya ba shi shawarar ya riƙa tayar da injinansu na minti goma kowane mako don kada batir ya mutu, wani kuma ya ce ya cire batiran ya shigar da su gida, amma kada ya kuskura ya ajiye su a kan siminti. Yana son sanin wace shawara zai bi.

Ɗan'uwa, Allah ya sa ka mori abin da ka saya. Shawarar maƙwabcinka ta tayar da inji kowane mako ka bar ta, domin ɓarnarta ta fi amfaninta, kuma zan yi bayanin dalili a gaba. Shawara ta biyu rabinta daidai ne. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, sanyin Winnipeg, duk tsananinsa, ba ya kashe batirin da yake cike da caji. Batirin da aka bari ya sauka shi ne hunturu yake hallakawa, kuma kusan duk batirin da aka jefar a watan Afrilu da sunan sanyi ya kashe shi, yunwar caji ce ta fara kama shi tun a Disamba.

Dalilin yana cikin ginin batirin kansa. Irin wanda yake cikin yawancin babura da motoci, mai dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859, yana da ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka. Idan batir ya cika, asid ɗin yana narke a cikin ruwan, ruwan ya yi nauyi, kuma irin wannan ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Yayin da batir yake sauka, asid ɗin yana fita daga cikin ruwan ya manne wa faranten dalma, abin da ya rage kuma ya riƙa komawa kusa da ruwa zalla. Batirin da ya sauka zuwa rabi yana iya daskarewa a wajen digiri 25 ƙasa da sifiri, wanda ya sauka gaba ɗaya kuwa bai kai digiri 10 ba zai zama ƙanƙara. Kai ka san cewa a Winnipeg daren Janairu na yau da kullum yana kai wajen digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma akan samu dararen da suke wuce 30. Ƙanƙarar da ta yi a cikin batir tana lanƙwasa faranti, wani lokaci ta tsaga kwanson, daga nan babu gyara. Ko da bai daskare ba, sinadarin da ya manne wa faranti yana taurara idan ya yi makonni ba a mayar da caji ba, har ya kai inda caja ba za ta iya narkar da shi ba. Shi ya sa za ka ga batir ya nuna ya cika cikin rabin awa, amma ka danna sitata ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru.

Saboda haka kayan aiki na farko da za ka saya shi ne ƙaramar mitar auna wuta. Ka auna batir bayan ya huta na wasu awoyi ba tare da caji ko aiki ba. Bolt 12.6 zuwa 12.7 alamar cikakke ce a batir mai ruwa, irin rufaffen da ake kira AGM kuma yakan nuna 12.8 ko sama kaɗan. Bolt 12.4 kashi uku cikin huɗu ne, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa saura kwata. Mutane da yawa suna ganin 12.0 su ce ai lafiya lau tunda batirin bolt goma sha biyu ne, alhali a wannan matakin ya riga ya fara cutuwa. Ƙa'idata ita ce kada batirin ajiya ya taɓa sauka ƙasa da 12.4.

Akwai abin da wanda ya tashi a Kano ko Damagaram zai yi mamakinsa a nan. A can gida zafi ne yake cinye batir, domin duk ƙarin digiri goma yana kusan ninka saurin da batir yake zubar da cajinsa da kansa, ga ƙonewar ruwa da cin faranti. Sanyi yana yin akasin haka, yana rage wannan zubewar ƙwarai, har batir mai lafiya da aka cire masa waya zai iya yin watanni a gareji mai sanyi bai rasa wani abin kirki ba. Abin da sanyi yake yi shi ne rage ƙarfin da batir zai iya bayarwa a lokacin tayar da inji, shi ya sa masana'antu suke auna ƙarfin tayarwa, lambar CCA da kake gani a jikin batir, a digiri 18 ƙasa da sifiri na tsawon daƙiƙa 30. Wannan raguwa ta ɗan lokaci ce, tana dawowa idan ɗumi ya dawo.

Ainihin ɓarawon cajin yana cikin abin hawan. Agogo, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu da kwamfutar inji duk suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko da makulli yana aljihunka. Batirin babur ƙarami ne, yawanci tsakanin Ah 8 zuwa 14, Ah kuwa shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake iya ɗauka. A ce babur ɗinka yana tsotsar miliamfiya 5 kacal, wato kashi biyar cikin dubu na amfiya ɗaya: a rana ɗaya Ah 0.12 ke nan, a wata ɗaya 3.6. Batir mai Ah 10 zai sauka zuwa rabi cikin makonni shida, wato idan ka ajiye shi a farkon Nuwamba, zai kai wannan matakin daidai lokacin da sanyin da zai iya daskarar da shi ya iso.

Idan akwai soket a garejinka, maganin mai sauƙi ne: ka sayi caja mai kula da kanta, irin su Battery Tender, CTEK, OptiMate ko NOCO, ka jona ta ka bar ta har ƙarshen hunturu. Irin wannan caja tana ɗaga batir zuwa wajen bolt 14.4, idan ya cika ta sauko zuwa 13 da ɗoriya ta riƙe shi a can, ko ta kashe kanta ta jira sai ya ɗan sauka. Ka bambanta ta da tsohuwar caja mai zuba wuta ba tsayawa, wadda idan ka bar ta wata guda za ta tafasa ruwan batir ta busar da shi. Kada kuma ka ɗora wa batirin babur babbar cajar mota, domin ƙa'idar da ta daɗe ita ce cajin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah, wato amfiya ɗaya ga batir mai Ah 10. Idan babu soket, ka cika batirin, ka cire shi, ka ajiye shi a wuri busasshe mai ɗan sanyi kamar ɗakin ƙasa, nesa da tukunyar ɗumama gida da duk abin da ke da harshen wuta, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan ana cajinsa, ita kuwa tana kamawa da ƙyastu ɗaya. Ka auna shi sau ɗaya a wata, ka yi masa caji idan ya kusa 12.4. Wajen cirewa, wayar da ke da alamar ragi, baƙar, ita ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, saboda idan sifana ta taɓa jikin babur kana kan jar waya alhali baƙar tana haɗe, tartsatsi ne zai tashi. Batun siminti kuwa ya samo asali ne daga zamanin da ake yin kwanson batir da katako ko taurin roba mai tsotsar danshi. Kwanson yau na filastik ne, siminti ba ya yi masa komai. Dauɗa da danshin da ke kwance a saman batir tsakanin kawunansa biyu su ne suke iya jan wuta, don haka ka goge shi tas.

Idan batirin mai murafai ne, ka duba ruwansa kafin ajiya. Tataccen ruwan da ake kira distilled water kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Kafin caji ka tabbata ruwa ya rufe faranti, cikon zuwa layin sama kuma sai bayan caji, sannan ka ɗan ƙara cajin don ruwan ya gauraya, in ba haka ba zai kwanta a sama ya daskare. Batirin da ka tarar ya kumbura ko ka ga ƙanƙara a cikinsa, kada ka jona masa caja ko wayar taimako har sai ya narke a cikin ɗumi kuma ka tabbata bai tsage ba.

Duk abin da na faɗa ya shafi batirin dalma. Idan ka ga an rubuta LiFePO4 ko kalmar litiyom a jikin batirinka, ƙa'idar ta sauya. Shi ba ya son a yi masa caji idan sanyinsa ya sauka ƙasa da sifiri, domin hakan yana yi masa lahani na dindindin a ciki, kuma ba ya bukatar a riƙe shi a cike. A cire masa waya yana da rabin caji ko sama kaɗan, a shigar da shi gida, kuma kada a jona masa cajar dalma mai tsarin farfaɗo da mataccen batir, wadda take harba wuta mai ƙarfin da zai iya lalata shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake hana ka tayar da inji kowane mako. Tayar da inji a tsananin sanyi shi ne aiki mafi nauyi da batir yake yi, kuma babur da yake tsaye yana silo ba ya samar da wutar da za ta biya wannan bashin cikin minti goma, balle ga fitilar gaba da take kunne da zarar an juya makulli. Kowane mako sai batirin ya ƙare ƙasa da inda ya fara. Na biyu, ƙona lita ɗaya ta fetur yana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. A injin da ya yi zafi sosai a kan hanya tururin yana fita ta salansa, amma a injin da aka kashe bayan minti goma yana kwanciya a cikin salansa ya ci ta daga ciki, wani kuma ya sauka cikin baƙin mai ya haɗu da ragowar ƙuna ya zama farin kumfa mai cin ƙarfe. Na uku shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali: hayaƙin inji a rufaffen gareji yana kisa, kuma mu da muka san gidajen da hayaƙin janareta ya yi wa ɓarna a gida ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Idan ba za ka hau shi ka yi tafiyar rabin awa ba, kada ka taɓa sitata.

Sauran shirin babur aikin yini ɗaya ne. Ka yi juye ka sauya matatar mai kafin ajiya, ba bayanta ba, don kada tsohon mai da dattinsa su kwana a kan ƙarafan inji na wata biyar. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Kanada yana da giyar itanol a ciki, ita kuwa tana jan danshi daga iska, kuma idan ya yi yawa sai ruwan ya rabu ya kwanta a gindin tanki ya kawo tsatsa. Don haka ka zuba maganin hana fetur lalacewa gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, ka cika tanki don kada iska ta samu wuri, ka yi ɗan zagaye na minti goma don maganin ya ratsa ko'ina. Idan babur ɗin mai kabureta ne, ka rufe makunnin mai ka kwance ƙaramin sukurun da ke gindin kabureta ka tsiyaye abin da ke ciki, domin fetur ɗin da ya bushe a can yana barin ƙaro mai toshe ƙananan ramuka, kuma yana daga cikin dalilan da babura suke ƙin tashi a watan Afrilu. Idan mai lagireto ne, a auna ruwansa: haɗin rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa yana jure wa wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma a Manitoba gara a ɗan ƙara ƙarfin haɗin zuwa kashi 60 cikin ɗari. Ka wanke babur ɗin musamman idan ka hau shi bayan an fara watsa gishiri a hanya, ka bari ya bushe sarai, ka shafa wa sarƙa mai, ka cika tayoyi iska, in da hali ka ɗaga su daga ƙasa. Ka toshe bakin salansa da mashigar iska da soson ƙarfe saboda ɓeraye, ka ɗaura jan ƙyalle a wurin don kada ka manta, sannan ka rufe shi da mayafi mai shan iska, domin leda tana tara gumi a ƙarƙashinta.

Motar gida tana da batir kashi biyu, kuma masu sabuwar saye sukan manta da ɗaya. Akwai na inji, akwai kuma na ɗaki wanda yake ba fitilu da famfon ruwa da fankar ɗumama wuta, wani lokaci batir biyu ne masu bolt 6 da aka jera suka ba da 12. Na ɗakin su ne suka fi tsada kuma su ne suka fi mutuwa, saboda na'urar gano yoyon gas da ƙwaƙwalwar rediyo da allon firiji suna ci dare da rana, kuma a motoci da yawa makunnin da aka rubuta masa yanke batir ba ya yanke su duka. Kada ka yarda da makunnin, ka kwance baƙar wayar da hannunka. Kada kuma ka dogara da farantin sola na kan rufi, domin dusar ƙanƙarar farko za ta binne shi, ranar Disamba a can kuma gajera ce. Tunda motarka a fili za ta kwana, ra'ayina shi ne ka cire batiran duka ka kai su ɗakin ƙasa tare da na babur. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka kwance, ka ɗaure waɗanda suka fito daga kai ɗaya wuri guda, domin juya waya a watan Afrilu yana ƙona fis, wani lokaci har da cajar motar.

Duk da haka, asarar da ta fi ta batir a motar gida daga ruwa take zuwa. Ruwa yana ƙara girma da wajen kashi tara cikin ɗari idan ya daskare, kuma ɗan abin da ya maƙale a famfo ko a makunnin masai ya isa ya tsaga su, ba za ka sani ba sai ranar da ka buɗe ruwa ka ga daɓe ya jiƙe. Wannan aikin ba ya jiran Nuwamba, ana yin sa ne kafin daren farko mai tsananin sanyi, wanda a Manitoba yakan zo tun cikin Oktoba. Ka zubar da tankunan ƙazanta da na ruwan wanka a wurin da aka tanada, ka tsiyaye tankin ruwan sha, ka buɗe ƙananan magudanan da ke ƙarƙashin mota. Tukunyar ruwan zafi, wadda yawanci take ɗaukar wajen lita 23, ka kashe mata wuta da gas, ka bari ta huce, ka saki matsin da ke cikinta, sannan ka kwance toshiyarta. Idan ka tsiyaye ta alhali wutar lantarkinta tana kunne, ƙarfen ɗumamawar zai ƙone nan take. Bayan haka ka juya makunnan da ke bayanta don ruwa ya kewaye ta, ka cire matatar ruwan sha, ka sa injin tura ruwa na motar ya ja ruwan hana daskarewa mai launin hoda wanda aka yi musamman don bututun sha, kana buɗe kowane famfo, na zafi da na sanyi, ɗaya bayan ɗaya har hodar ta fito, haɗe da shawa ta ciki da ta waje da masai. Lita takwas zuwa goma sha biyu sukan isa. Ka zuba kofi guda a kowace magudana. Ina jaddada maka da babbar murya cewa ruwan lagireto na inji guba ne mai kashe mutum da dabba, kada ya kusanci waɗannan bututu ko da kuwa launinsa ya yi kama. Wasu suna hura bututun da iska kawai a matsin da bai wuce psi 40 ba, wato ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, amma a sanyi irin na Winnipeg na fi natsuwa da a haɗa biyun. Idan ka ga ruwan hodar ya yi kauri a Janairu kada ka damu, ba ya kumbura ya fasa bututu kamar ruwa.

Ragowar abubuwan gajeru ne. Ka rufe tukunyar gas daga tushe, ka kwashe duk wani abinci da gwangwani da kwalba mai ruwa, ka bar ƙofar firiji a ɗan buɗe, ka toshe duk ramin da bututu ko waya ta ratsa daga ƙasa. Ka hau rufi ka duba liƙin da ke kewaye da tagogin sama tun kafin sanyi, domin dusar da ta narke ta shiga tsaga tana ruɓar da katakon bango a ɓoye. Ka sa wa tayoyi waigi ka saki birkin hannu don kada ya manne, ka cika su iska, kana sane da cewa matsinsu yana raguwa da kusan psi ɗaya duk saukar digiri biyar zuwa shida. Shekarun taya suna rubuce a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, biyu na mako biyu na shekara, kuma tayar motar gida takan tsufa ta tsattsage tun zanenta bai cinye ba, don haka ka karanta su tunda motar ta hannu ce. Janaretan motar shi kaɗai ne na keɓe daga hanin tayarwa: kamfanin Cummins Onan yana ba da shawarar a gudanar da shi awa biyu a wata da rabin lodinsa, a fili. Idan ka cire batir ba za ka iya hakan ba, sai ka sa masa maganin fetur ka tsiyaye kaburetarsa kamar ta babur. Ka kuma tuntuɓi hukumar inshorar motoci ta Manitoba game da inshorar ajiya, wadda take kare abin hawan da aka janye daga hanya daga gobara da sata.

Idan Afrilu ya zo, ka yi wa batiran cikakken caji, ka bar su su huta kwana ɗaya, sannan ka auna. Wanda ya sauka ƙasa da 12.4 bayan hutun kwana ɗaya ba tare da an jona masa komai ba ya gaji, ka kai shi shagon kayan mota a gwada shi da lodi, kuma idan ya faɗi ka bar musu shi, domin dalmarsa ana narkar da ita a sake amfani da ita. Ka cire soson da ka toshe salansa, ka gyara iskar taya, ka matsa birki ka ji ƙarfinsa kafin babur ya motsa, ka kuma sauya man birki idan ya kai shekara biyu, domin shi ma yana shan danshi. Bututun motar gida a wanke su da ruwa mai yawa har launin hoda ya ɓace, kuma kada a kunna tukunyar ruwan zafi sai an mayar da makunnanta an tabbata ta cika da ruwa.